Dillalan gidaje a Kaduna: abin da na gani a wata 14 na neman gida

Shekara 11 na yi ina zaman haya a Tudun Wada kafin Allah ya hore mini abin da zan fara tunanin mallakar muhalli na kaina, kuma daga ranar da na furta wa wani abokin aikina wannan niyya zuwa ranar da aka danƙa mini makullai, sai da aka kwashe wata 14. A tsawon wannan lokaci na yi hulɗa da dillalai da dama, na kuma shiga gidaje masu yawa, tun daga Kawo da Hayin Banki har zuwa Unguwar Dosa, Badarawa, Kinkinau da Rigasa. Tun da na tare 'yan'uwa da abokai suke tambayata yadda ake bi, kuma kusan tambayarsu ɗaya ce, wato a amince da dillali ne ko a kauce masa. Abin da nake faɗa musu shi ne, a Kaduna da wuya mutum ya sayi gida ba tare da dillali ba, amma wajibi ne ya san daga inda abincin dillalin yake fitowa, domin wannan sanin ne zai raba masa maganar da zai karɓa daga bakinsa da wadda dole sai ya je wani wuri ya tabbatar.

Dalilin da ya sa ba a iya kauce musu a bayyane yake ga duk wanda ya san halin mutanenmu. Bahaushe ba ya son a ji cewa ya sa gidansa a kasuwa, saboda da zarar labari ya fita za a fara raɗe-raɗin karayar arziki, ko bashi, ko rigimar gado. Saboda haka magidanci yakan kira dillali ɗaya da ya yarda da shi, ya gaya masa a asirce, ya kuma ja masa kunne kada maƙwabta su ji. Idan ka zagaya unguwanni, rubutun da ka fi gani a jikin katanga shi ne na gargaɗin cewa gidan ba na sayarwa ba ne, wanda masu gida ke yi don tsoron 'yan damfara, alhali gidan da ake sayarwa da gaske sau da yawa babu wata alama a jikinsa. Yanzu dai ana ɗora hotuna a WhatsApp da Facebook, amma na lura cewa gidajen da suka fi dacewa da kuɗinsu ba su cika kaiwa can ba, tun a bakin masallaci da majalisar dillalai ake gamawa da su.

Mutumin da ya fara kai ni ganin gida matashi ne mai ladabi da zafin nama, kuma tambayarsa ta farko bayan gaisuwa ita ce: "Malam, nawa ka tanada?" Na faɗa masa gaskiyar abin da ke hannuna, abin da daga baya na fahimci cewa ya kamata in rage wani abu a ciki, domin daga ranar ban sake ganin gidan da aka yi wa kuɗi ƙasa da wannan adadi ba. Kowace fita akwai kuɗin mai ko na mota da ake bayarwa, kuma ni ban ga laifin wannan ba, tun da mutum yana barin harkokinsa ya yini da kai cikin rana, kuma yana iya yin wata uku bai ƙulla ciniki ko ɗaya ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda a kowane gida muka je sai mun tarar da wani dillalin yana jiranmu, shi kuma ya buga wa wani waya ya kawo makulli, na ukun kuma ya ce ai mai gidan da wani na huɗu yake magana. A haka na gane cewa tsakanina da mai gida akwai jerin mutane, kowannensu yana da rabo a la'ada, kuma a wasu lokuta kowanne yana ɗora ɗan wani abu a kan kuɗin da mai gidan ya yanke. Akwai gidan da aka nuna mini sau biyu ta hannun mutane daban-daban cikin mako guda, da bambancin naira miliyan 3 tsakanin farashin farko da na biyu.

A nan ne ya kamata mai saye ya zauna ya yi lissafin la'ada, domin ita ce mabuɗin fahimtar duk abin da dillali zai faɗa. Abin da na tarar a cinikayyar da na shaida shi ne ana karɓar kashi 5 cikin 100 daga mai saye, a karɓi wani kashi 5 daga mai sayarwa, ko da yake ana yin ragi idan kuɗin gidan yana da yawa. A ce gida na naira miliyan 30 ne, to dillalai za su tashi da miliyan 3 su raba. Idan aka rage farashin da miliyan 2, abin da zai ragu a la'adarsu dubu 200 ne kacal, amma idan cinikin ya watse, sun rasa komai, har da wahalar da suka sha. Ke nan babban burin dillali shi ne a sallama, a kan ko nawa ne, kuma a sallama da wuri. Wannan ne ya sa zai je wa mai gida ya ce kasuwa ta mutu, babu kuɗi a hannun mutane, gara ya karɓi abin da aka taya, sannan ya dawo wurinka ya ce akwai wani Alhaji daga Abuja da zai zo gobe da kuɗinsa a hannu. Sau uku aka ambata mini irin wannan mai saye a gidaje uku daban-daban, kuma biyu daga cikin gidajen suna nan a kasuwa har bayan wata shida. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi, wato zuga farashi da tayin da ba na gaskiya ba don a ruɗi mai saye, kuma ina ganin ƙirƙirar mai sayen da babu shi ɗan'uwan wannan ne. Yana yi mini ciwo in ga mutumin da muka yi sallah sahu ɗaya ya ɗauki wannan a matsayin dabarar sana'a kawai.

Gidan da na fara ƙwallafa rai a kansa yana wata unguwa ce da ke gangarowa zuwa Kogin Kaduna. A watan Fabrairu na gan shi, lokacin da ƙasa ta bushe ƙurmus, an yi masa sabon fenti ciki da waje, ga ɗakuna huɗu da falo, ga rijiya a tsakar gida, kuma kuɗinsa bai kai na takwarorinsa ba. Da na tambayi dillalin ko ruwa yana shiga, sai ya ce shi dai bai taɓa ji ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, domin ba ɗan unguwar ba ne. Washegari na koma ni kaɗai, na yi sallar La'asar a masallacin layin, na gaisa da wani dattijo na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Bai ce mini in saya ko kada in saya ba. Hannuna kawai ya kama ya zagaya da ni bayan masallacin, inda ba a yi fenti ba, ya nuna mini layin da ruwa ya bari a jikin bango, wanda ya kai mini kusan ƙugu, ya ce duk shekarar da kogi ya cika a Agusta ko Satumba nan yake kaiwa. Tun daga ranar na ɗauki al'adar komawa kowane gida ba tare da dillali ba, in duba bangon maƙwabta da magudanar ruwa, in tambayi mai shago yadda wutar lantarki take da ko rijiyoyin layin suna ƙafewa da bazara. Wanda yake da hali ya jira damina kafin ya biya, domin ruwan sama yana tona abin da fenti ya rufe.

Bayan wannan ne wani kawuna ya haɗa ni da wani dattijon dillali da ya haura shekara 30 a sana'ar, kuma a hannunsa na ga ɗaya fuskar aikin. Ba ya amfani da babbar waya, ba ya tura hotuna, amma idan kuka tsaya a ƙofar gida zai faɗa maka wanda ya yanka filin, da wanda ya fara gini, da hannu nawa gidan ya bi. A Kaduna wannan sani yana da nauyi na musamman saboda tarihin garin. Rikicin shekarar 2000 da na 2002 sun sa iyalai da yawa, Musulmi da Kirista, sun bar unguwannin da suka daɗe a ciki sun tsallaka kogi, wasu zuwa arewa wasu zuwa kudu, kuma an sayar da gidaje da dama cikin gaggawa da tashin hankali, wasu ma musaya aka yi, a kan takardar da aka rubuta da hannu. Irin waɗannan gidaje wasu sun sake canza hannu sau biyu ko uku ba tare da an taɓa gyara sunan da ke kan takardar asali ba. Haka kuma buɗe tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a 2016 da faɗaɗa tituna da aka yi a shekarun da suka biyo baya sun ɗaga darajar wasu wurare, sun kuma shafi wasu gine-ginen da suka shiga hanya. Dattijon nan yana riƙe da duk wannan a kansa, layi bayan layi, kuma wannan ne ainihin abin da mai saye yake biyan la'ada a kansa.

Duk da haka, ko shi ban bar masa maganar takardu ba, kuma shi da kansa ya ce in nemi lauya. Yawancin dillalai idan ka tambaye su za su ce takardu lafiya lau, alhali abin da suke nufi shi ne sun ga mai gida ya fito da wata takarda daga cikin jaka. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙewa shi ne izinin zama da amfani, wanda takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O take tabbatarwa, galibi na tsawon shekara 99 ga gidan zama. Dokar ta kuma tanadi cewa sai da amincewar gwamna ake mayar da wannan izini daga hannun wani zuwa wani. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, ita ke riƙe da bayanan filaye, can ne lauya zai nemi a bincika ko sunan da ke cikin fayil ya dace da na mai sayarwa, da ko an jinginar da gidan a banki. Hukumar KASUPDA kuma ita ke ba da izinin gini, kuma yana da kyau a san ko ginin yana da shi, da ko bai shiga hurumin titi ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ba. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni ba su da komai sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Ban raina wannan takarda ba, domin mai unguwa ya san mutanensa kuma shaidarsa tana da amfani ranar jayayya, amma ba ta zama madadin takardar gwamnati, kuma wanda zai sayi irin wannan gida ya sa kuɗin neman takardar da lokacinta a cikin lissafinsa tun farko.

Gida na biyu da na kusa saya gidan gado ne, kuma a kansa ne na tabbatar da mutuncin dattijon. Babban ɗan mamacin ne yake magana da mu, ya ce duk magada sun amince, har mun daidaita a kan farashi an sa ranar biya. Ana saura kwana biyu sai dattijon ya zo har gida bayan sallar Isha'i, ya ce: "Ɗana, ka dakata da kuɗin nan. Na ji akwai ƙanwarsu da ke aure a Zariya, ba a shawarce ta ba, kuma uwargidan mamacin ba a fitar mata da tumuninta ba." Na ce: "Baba, ai sun ce sun gama magana a tsakaninsu." Ya ce maganar da aka gama a zaure ba ta hana mace zuwa kotu, kuma idan ta je tana da gaskiya. Daga baya lauyana ya ƙara mini bayani cewa gidan da ba a raba ba mallakar dukkan magada ne, babu wanda zai sayar da rabon wani ba da izininsa ba, kuma a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke aiki da shi, abokin tarayya yana da haƙƙin shufu'a, wato ya karɓi rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare ta hanyar biyan kuɗin da aka saya. Da na biya, da na sayi shari'a da kuɗina, kuma da na shiga cikin zaluntar mata biyu ba tare da na sani ba. Dattijon ya yi asarar la'ada mai kauri a wannan dare, kuma da na yi masa godiya sai ya ce a unguwar zai ci gaba da zama, a nan za a yi masa sallah idan ya rasu, ba zai so a riƙa nuna gida ana cewa shi ya haɗa rigimar ba.

Akwai kuma ƙwararru masu ofis da rajista, 'yan ƙungiyar masu kimanta gidaje da filaye ta Najeriya, NIESV, wadda aka kafa a 1969, waɗanda hukumar ESVARBON da dokar 1975 ta samar take yi wa rajista. Su sun fi harka da manyan gidaje irin na Unguwar Rimi da Malali da kadarorin kamfanoni, kuma amfaninsu shi ne akwai inda za a kai ƙararsu idan sun saɓa. Mai ƙaramin ƙarfi ma yana iya biyan ɗayansu ya kimanta masa gida kafin ya taya. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, idan yana son karɓar rance ta wannan hanya, ya sani cewa banki ba ya karɓar gidan da ba shi da cikakkiyar takarda, kuma dillalan unguwa ba su cika ɗokin irin wannan mai saye ba, saboda masu gida kuɗi suke so a dunƙule ba tare da jira ba.

Gidan da nake ciki yanzu dattijon ne ya samo shi, kuma sharaɗin da na kafa tun farko shi ne ba zan taya ba sai na zauna da mai gidan ido da ido. Dillalai da yawa ba sa son wannan haɗuwa, wasu don tsoron a zagaye su a hana su haƙƙinsu, wanda kuma yana faruwa, wasu kuma don kada abin da suka ɗora ya fito fili. Maganin tsoron farko shi ne a yanke la'ada tun kafin a je, a faɗi adadinta da wanda za a damƙa wa a gaban shaida, kuma haka muka yi. Mun zauna a zauren mai gidan, na taya ya ce albarka, dattijon ya sa baki yana lallashin kowane ɓangare, na ƙara, aka sake cewa albarka, sai a zama na biyu ya ce ya sallama. A irin wannan zama ne ake ganin gwanintar dillali na gaske, domin yana iya faɗa wa kowannenku abin da kunya ba za ta bari ku faɗa wa juna ba, ya kuma hana ciniki ya koma ɓacin rai.

Na ba da kafin alƙalami kaɗan, aka rubuta cewa za a mayar mini da shi idan bincike ya nuna matsala a takardu, sannan lauya ya yi mako uku yana aikinsa. A cikin makonnin nan ƙananan dillalan da ke cikin cinikin sun yi ta kirana suna cewa jinkiri zai sa mai gida ya canza ra'ayi, amma dattijon bai kira ni ko sau ɗaya a kan haka ba. Mun gano akwai bashin kuɗin wuta da ya taru a kan mitar gidan, aka cire shi daga farashi, an kuma rubuta ranar da ɗan hayar da ke shagon ƙofar gida zai tashi, tare da ba shi wa'adin da ya dace. Ranar biya na tura kuɗin ta banki kai tsaye zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, sunan da ke kan takarda, ban bi ta hannun kowa ba. Ban da kariyar da wannan ke bayarwa ta fuskar shaida, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Aka sa hannu a takardar miƙa mallaka da lauya ya tsara, mai unguwa da maƙwabta biyu suka shaida, aka yi addu'a, aka ba ni makullai.

Da yamma na kai wa dattijon la'adarsa cikakkiya kamar yadda muka yanke, a gabana kuma ya kira sauran mutum ukun da suka taɓa cinikin, har da yaron da aikinsa kawai kawo makulli ne, ya ba kowa rabonsa. Mun tare kafin azumi, fayil ɗin neman amincewar gwamna kuma lauya yana bin sa har yanzu. A tsakiyar watan Agusta, bayan wani ruwa da aka kwana ana yi, na ji sallama da sassafe, na fito na tarar da shi a ƙofar gida da lema a hannu. Ya ce ya zo ne ya ga yadda kwatar layin ta ɗauki ruwan, ya zagaya bayan gida ya shafa bango da tafin hannunsa, ya nuna mini wani wuri a gefen kwano da ya ce in sa kafinta ya duba kafin ruwa na gaba, sannan ya wuce.